Kwamfiresa ta mutu a tsohuwar bas: me za a saya sabo, me za a ɗauko a gwanjo?

Daga tsakiyar Maris har ruwan farko ya sauka, fasinjan da zai yi doguwar tafiya yakan leƙa cikin mota ya tambaya ko akwai esi tun kafin ya tambayi kuɗin kujera. Wanda ya taɓa ratsa hanyar Damaturu zuwa Maiduguri ko ta Gusau zuwa Sakkwato da tsakar ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga mutum goma sha huɗu a cikin bas, ya san dalili. Shi ya sa ranar da esin ya daina sanyi hankalin mai mota yake tashi, ya ruga kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa ko Panteka ko Apo da sauri, ya kuma sayo abin da zai sa shi komawa bayan wata biyu.

Motocin da nake magana a kansu su ne waɗanda suka cika tashoshinmu: Hiace tsohuwar ƙira da Toyota ta yi daga 1989 zuwa 2004, da wadda ta gaje ta da muke kira Homa, da Sharon, wato Volkswagen Sharan da 'yar uwarta Ford Galaxy da aka riƙa haɗawa a masana'anta ɗaya a Fotugal tun 1995, sai Sprinter ta Mercedes da ita ma ta fito a 1995. Mafi yawansu sun gama wata rayuwa a Turai ko Japan kafin su iso hannunmu, kuma esin da ke cikinsu ba a ƙasar ƙura da rana irin tamu ya yi ƙuruciyarsa ba.

A kasuwa kayan esi hawa huɗu ne. Akwai sabo na asali, mai sunan kamfanin da ya yi wa motar tun farko, irin su Denso da Sanden da Valeo. Akwai sabo na China, wanda shi ma hawa-hawa ne, daga mai kyau sosai zuwa wanda kwali kawai ke gare shi. Akwai tokumbo, wasu su ce Beljiyam ko ɗan Kwatano, wato wanda aka kwance daga jikin wata mota a waje. Sai gyararre, wanda aka buɗe a nan gida aka sauya masa wasu kayan ciki. Kuskuren da nake yawan gani shi ne mutum ya riƙe hawa ɗaya ya ce shi komai tokumbo yake saye don ya fi ƙarko, ko kuma komai sabo. Kowane ƙarfe a cikin esi da irin tsufan da yake yi. Wani in ya shekara goma sha biyar yana nan garau, wani kuwa awa kaɗan a buɗe cikin iska sun isa su kashe shi.

Dalilin yana cikin yadda abin yake aiki. Kwamfiresa tana matse gas ta tura shi da zafi zuwa kondensa da ke gaban lagireto, a nan iska ta huce shi ya koma ruwa. Ya bi ta draya ta tace shi ta tsotse laima, ya ratsa wani ɗan bawul mai ƙunci, ya shiga ibaporeta da ke cikin dashbod, inda yake tafasa ya kwashe zafin cikin mota, sannan ya koma kwamfiresa. Man da ke shafa kwamfiresa tare da gas ɗin yake wannan zagaye. To duk abin da ya faɗa cikin hanyar, ɓarɓashin ƙarfe ne ko laima, shi ma zagayawa zai yi ta yi har ya dawo bakin kwamfiresa.

Kafin a ciro kuɗi, a tabbatar ita ce ta mutu. Sau da yawa ba ita ba ce. Idan gas ya yi ƙasa, akwai makunnin da ke yanke mata wuta da gangan don kada ta ƙone. Fiyus yana iya tsinkewa, rile ya gaji, kwayil ɗin kulocin da ke haɗa ta da injin in an kunna esi ya ƙone. Tazarar da ke tsakanin farantin kuloci da fuli ba ta wuce kamar rabin milimita ba. Idan ta buɗe saboda tsufa, sai ka ga esi yana sanyi da safe, da rana in injin ya ɗau zafi ya saki. Cire siririn wosha ɗaya kan magance wannan. Ƙarar gurnani da ake ji ko esi yana kashe, galibi boris ɗin fuli ne. Duk waɗannan ana sauya su ba tare da an ko zubar da gas ba a motoci da dama. Su kuma Sharon da Galaxy da yawa suna ɗauke da Sanden SD7V16, wadda take ƙara ƙarfi ko ta rage da kanta ta hanyar wani bawul a cikinta. In bawul ɗin ya gaji za ta yi ta juyawa ba sanyi, kuma ana samun sa shi kaɗai.

Idan ta tabbata ta tafi, a nan ne muhawara take.

Sabuwa ta asali babu abin da ya kai ta. Ba ta taɓa haɗiyar datti ba, sil ɗinta sabo ne, tana zuwa da man cikinta a rufe. Tsadarta ce matsala, don takan ninka tokumbo, wani lokaci har mutum ya fara lissafin ko motar ma ta kai a kashe mata haka. Sai kuma jabu. Sunan Denso da na Sanden suna cikin waɗanda aka fi bugawa a jikin kayan da ba nasu ba. In aka miƙo maka sabuwa fil a kwali mai sunan Denso da kuɗin da bai fi na tokumbo ba, to ka san me ka riƙe. Ni dai na fi son ɗan kasuwa ya gaya mini gaskiya cewa ta China ce in saya da sanina, da ya sayar mini da suna.

Tokumbo kuwa ita ce zaɓin yawancin masu bas, kuma ba su yi wauta ba. Denso irin su 10PA17 da 10S17, masu silinda goma da ake samu a motocin Toyota, ƙarfe ne mai jure wahala, kuma wadda ta fito daga ƙasar sanyi wataƙila rabin shekara ma ba a kunna ta. Amma caca ce idan ba a iya dubawa ba, ga shi babu wanda zai gaya maka me ya kashe motar da aka ciro ta. Abin da nake yi a gaban mai shago kafin in biya ke nan. Da farko in duba bakunanta biyu: idan a toshe suke da murfi ko roba, alama ce ta mai kwancewar ya san aikinsa, idan a buɗe suke tana kwance a ƙasa tun daga kasuwar Ladipo ta Legas, man cikinta ya riga ya sha laima, domin man PAG da ake amfani da shi a gas ɗin R134a yana zuƙar ruwa daga iska kamar gishiri da damina. Sannan in juya farantin gaba da hannu, ba fulin ba, don fuli ko ta mutu zai juya. Ya kamata ya tafi sumul da ɗan nauyi, ba cijewa ba ƙarar yashi. In ɗora yatsa a bakunan in ji ɗaya yana ja ɗaya yana turowa, kodayake masu rage ƙarfi da kansu ba sa nuna wannan sosai da hannu. In sa a jona kwayil da batir in ji kuloci ya kama. In duba bayan faranti ko akwai jiƙar mai da ƙura ta manne, wanda ke nuna sil yana yoyo. Na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran: in kifa ta a kan farar takarda in juya har mai ya ɗigo. Mai haske, ko mai ɗan rawaya, ko kore saboda rinin gano yoyo, duk lafiya. Toka-toka, baƙi, ko mai ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, a mayar masa da abarsa ko da kyauta ya bayar. A kuma yi magana a fili kan kwanakin gwaji, a rubuta a rasit, a sa wata alama a jikinta da kai da shi kuka sani.

Sabuwa ta China ba abar ƙi ba ce gaba ɗaya, musamman ga masu Hiace. Kamfanonin China irin su Jinbei sun daɗe suna ƙera bas mai siffar Hiace, don haka kayan da suka dace da ita suna da yawa. Inda take gazawa shi ne ba a iya rarrabe mai kyau da marar kyau da ido. Ga motar da ke zirga-zirgar cikin gari, ko ta makaranta da ke aiki safe da azahar, tana iya yin hidima yadda ya kamata. Ga motar da za ta tashi Kano da hantsi ta nufi Abuja esi a kunne awa shida ko bakwai ba hutawa, ban yarda da ita ba sai dai idan bakanikena ya sa irinta a wasu motoci ya ga yadda ta kwana biyu. Gyararriya kuma ta dogara ne kacokan ga hannun da ya gyara. Sauya sil, boris ko bawul gyara ne na gaske. Amma wadda fistin ya goge bangonta, duk wankin da aka yi mata da fenti kwalliya ce.

Ko wacce aka zaɓa, a je kasuwa da tsohuwar a hannu. Sunan mota kaɗai ba ya isa, don Homa mai injin fetur da mai dizal ba lallai su yi tarayya a kwamfiresa ɗaya ba. A gwada lambar jikinta, ramukan noti, faɗin fuli da yawan layukansa, inda bakunan tiyo suka fuskanta, da soket ɗin waya. Fulin da ya kauce wa layi da ɗan kaɗan zai riƙa cin bel. A lura da wuta: Coaster mai dizal bolt 24 take amfani da shi, kwayil na bolt 12 ba zai daɗe a jikinta ba. Wasu Sprinter na bayan 2006 kuma kwamfiresarsu ba ta da kuloci sam, kullum cikinta yana juyawa tare da injin, kwamfutar mota ce ke sarrafa ta. Irin wannan in gas ya tsiyaye aka ci gaba da yawo da ita a haka, ana cin ranta ne ko ba a kunna esi ba.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke salwanta. Kwamfiresar da ta cije ba ta mutuwa ita kaɗai. Kafin ta tsaya ta riga ta watsa garin alminiyam cikin hanya, kuma zangon farko shi ne kondensa. Tsofaffin kondensa masu bututu ɗaya da ke lanƙwasa kamar maciji suna wankuwa, in aka tura ruwan wanki ta wannan baki dole ya fita ta wancan. Na zamani kuwa, irin na Homa, hanyoyi ne sirara barkatai a jere, kowace ba ta fi kaurin tsinken ashana ba. Ruwan wanki sai ya bi waɗanda suke buɗe ya fito fes, ya bar waɗanda suka toshe da dattinsu. In an ɗaura wata kwamfiresa, zafi da girgiza su saki dattin a hankali. Ni kaina na taɓa sayen kwamfiresa biyu cikin bazara ɗaya a kan Hiace guda saboda na ƙi jin wannan magana, na yi ta zargin ɗan kasuwa, alhali laifin yana maƙale a gaban lagireto.

Don haka a kan kondensa ra'ayina ya juya gaba ɗaya: sabuwa, ko da ta China ce. Ba ta da abin da ke motsi a ciki, in ba ta yoyo kuma girmanta ya yi daidai, ta gama aikinta. Tokumbo kuwa ba a ganin cikinta, ga shi yawancinsu sun sha gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara, siraran fukafukansu suna marmashewa in an taɓa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin dubawa a sabuwar shi ne kaurinta da yawan layukanta kada su gaza na asali, don a zafin ƙasar nan ƙaramar kondensa na sa matsin gas ya yi sama, kwamfiresa ta yi ta wahala. Fankarta ma haka. Esin da ke sanyi a kan hanya amma ya ɗumame a cunkoso, fanka ce ko ƙura, ba gas ba. A nan tokumbo ta asali takan fi sabuwar araha ƙarfin iska. Wasu bas suna da ƙaramar kondensa ta biyu a ƙarƙashin jiki, wadda laka da ƙurar hunturu ke rufewa ruf. Wanke ta da ruwa marar ƙarfi sosai kan dawo da sanyin da ake zaton ya tafi.

Draya ba ta da muhawara. Sabuwa, duk lokacin da aka buɗe hanya. Ƙwayoyin da ke cikinta laima suke sha, in sun ƙoshi sun ƙoshi, kuma wadda aka rataye a shago baki buɗe ta ƙoshi tun tuni. Ita ce mafi araha a duk kayan, ita ce kuma aka fi tsallakewa. Sai a ƙarshe ake ɓare murfinta a ɗaura. Robobin mahaɗa su ma sababbi, na esi, waɗanda galibi kore ne, ba na famfon ruwa ba. Bawul ɗin gaban ibaporeta in kwamfiresa ta cije a sauya shi da sabo, don raminsa ƙarami ne ƙwarai. Bas mai esin baya kuma bawul biyu ke gare ta, na bayan shi aka fi mantawa da shi.

Ibaporeta aikinta ne ke da tsada fiye da ita, tunda a motoci da yawa sai an sauke dashbod. Saboda haka ba wurin gwaji ba ne. Ko sabuwa mai kyau, ko tokumbo da aka hura aka nutsa cikin ruwa a gabanka ka ga ba kumfa. Fayif ɗin alminiyam da ke bi ta ƙarƙashin mota zuwa esin baya su ne ciwon Sharon da Galaxy. Gishiri yana cin su a daidai inda ƙarfen riƙo ya kama su. Tokumbonsu yawanci ciwo ɗaya suke da shi. Gara a yi walda idan huda ɗaya ce, ko a matsa sabon tiyo na esi a maye gurbinsu. Wasu suna toshe layin baya gaba ɗaya su bar na gaba. Ga motar kaya hakan daidai ne, ga motar fasinja kuwa na kujerar baya ne zai biya kuɗin esi ya sha zafi. In an yi hakan dole a rage gas da mai.

Gas ya cancanci a dakata a kansa, don a nan rai ma yana cikin haɗari. Motocin da aka ƙera kafin wajajen 1994 da R12 suka zo, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yin sa saboda illarsa ga sararin samaniya. Ƙasashe masu tasowa wa'adinsu ya cika a 2010. Bayansa R134a ya karɓa, kuma shi ne a kusan duk bas ɗin da muke tuƙawa. Ƙananan motocin Turai daga 2017 sun koma R1234yf, sun kuma fara shigowa. Takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet ko kusa da injin tana faɗin irin gas da nauyinsa. Ƙaramar mota kan ɗauki rabin kilo zuwa gram 700, bas mai gaba da baya takan kai kilo ɗaya ko ta wuce. Da sikeli ake zubawa, ba da taɓa fayif a ji ya yi sanyi ba. Gas in ya yi yawa sanyi raguwa yake, matsi ya ƙaru. R22 na esin ɗaki matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. R600a na firij yana kamawa da wuta, kuma ibaporeta a gaban gwiwar fasinja take. Akwai kuma jabun R134a da ake gaurayawa da wani sinadari mai suna R40 da ke cin alminiyam. A 2011 irinsa ya sa kwantenonin sanyi suka fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Brazil, har ma'aikata suka rasu. Gas daga tukunyar kilo 13.6 mai suna da hatimi, a wurin wanda ka sani, ya fi ɗan gwangwanin da ba a san asalinsa ba, ko da ya fi tsada.

Mai kuma kowace kwamfiresa da nata. Denso masu R134a yawanci ND-OIL 8 suke so, wato PAG mai kauri 46. Man R12 ba ya tafiya tare da R134a, sai ya kwanta a wani lungu ya bar kwamfiresa a bushe. Sabuwar kwamfiresa sau da yawa tana zuwa da man da zai ishi dukan hanyar, to idan ba a wanke sauran kayan ba sai an auna an rage. Kafin a zuba gas a ja iska da injin bakum aƙalla rabin awa, a rufe a ga ko allurar geji za ta motsa. Bakaniken da ba shi da wannan injin, ya ce zai kore iskar da gas, kada a ba shi aikin kwamfiresa. Gwajin yoyo da iskar naitirojin ake yi. Iskar oksijin ta masu walda in ta haɗu da mai fashewa take.

Ga mai tsohuwar Hiace ta zamanin R12, ko wadda ta zo ba esi sam, neman kayan asali ɓata lokaci ne. Hanyar da ta fi ita ce a ɗaura kwamfiresa gama-gari irin Sanden SD7H15, mai fistin bakwai da girman kusan cc 155, wadda kayan gyaranta suke ko'ina saboda manyan motoci da taraktoci suna amfani da ita. Ƙanwarta SD5H14 mai fistin biyar ta ishi gaban mota, amma ta yi kaɗan ga bas mai esin baya. Sai a ƙera mata mazauni mai kauri, a haɗa da sabuwar kondensa mafi girma da wurin zai ɗauka, sabon tiyo da draya. Idan tsohuwar hanyar aka riƙe aka sauya gas kawai, ana zuba kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin R12 da aka rubuta, bayan an wanke tsohon mai.

Motoci masu ɗaki a ciki, waɗanda Turawa ke yawon hutu da su, mu kuma muke mayar da su motar asibitin tafi-da-gidanka ko ta wa'azi, suna da esi na biyu a kan rufi wanda ba ruwansa da injin. Wutar gida ko janareto yake ci, kuma a rufe yake kamar firij, in ya mutu yawanci ɗungurungum ake sauyawa. Wanda ya fito daga Amurka an yi shi ne don bolt 120, namu kuwa 230 ne, don haka na Turai ya fi dacewa da mu. Kafin a yanke masa hukunci a gwada kafasitarsa, ita ce ta fi yawan mutuwa kuma ba ta da tsada.

Idan kuɗin hannunka ba zai kai ga komai sabo na asali ba, kuma haka ne ga yawancinmu, ga yadda zan raba shi a kan Homar da ke dogon zango: tokumbon Denso da na ga man cikinta a kan farar takarda, sabuwar kondensa, sabuwar draya, bawul biyu, robobi, gas na sikeli. In kuɗin bai kai ga wannan ba, gara a zare soket ɗin kuloci, ko a sa gajeren bel da zai tsallake ta idan fulin ne ya lalace, a buɗe gilashi a yi lodin sati biyu a tara. Ranar da aka gama aikin kuma kada a karɓi mota a inuwar gareji. A fita da ita da azahar, a tsayar da ita a rana minti goma sha biyar injin yana aiki, gaba da baya a kunne, kai kuma ka je ka zauna a kujerar ƙarshe.